Daga Husufin 2006 Zuwa GPS Na Wayarka: Me Masana Fiziya Ke Lissafawa A Kan Allo?

Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2006 a Gusau, Ƙauran Namoda ko Zurmi, da wuya ya manta da hantsin ranar Laraba, 29 ga watan Maris na wannan shekara. Wajen ƙarfe goma da rabi na safe wata ya shiga tsakanin rana da ƙasa, gari ya yi duhu kamar magariba ta faɗi. Inuwar ta taso daga gaɓar Brazil, ta ƙetare tekun Atlantika, ta bi ta Ghana, Togo da Benin, ta ratsa Zamfara da Katsina, ta wuce Maraɗi ta nufi Libiya da Turkiyya. A Gusau da Katsina duhun ya kusa kai minti huɗu.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tun shekaru kafin ranar an riga an buga taswirar hanyar da inuwar za ta bi, da mintin da za ta iso kowane gari. Da lissafi aka fitar da ita. Irin wannan lissafin ne sana'ar masu binciken fiziya ta nazari, wato waɗanda kayan aikinsu takarda ne da biro da allo da kwamfuta. A yau za mu duba abubuwa uku da suka fi cin lokacinsu: fage, ƙarfin nauyi, da igiyoyin da ba sa bin miƙaƙƙen lissafi. Za mu ga inda kowanne ya ɓuya a cikin wayar da ke hannunka.

Mene ne fage?

A farkon watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Na tsawon makonni wayoyi suka koma tocila da rediyo. Mai son kiran ɗan'uwa ko tura kuɗi sai ya yi tafiya zuwa wata jiha. Iska tana nan yadda take, sama tana nan, wayar ma lafiyarta ƙalau. To me ya ɓace?

Abin da ya ɓace shi masana ke kira fage. Ma'anarsa: a kowane wuri da ke kewaye da kai, a ɗaki ko a gona, akwai wani adadi na ƙarfi da za a iya aunawa, yana da girma kuma yana da inda ya fuskanta. Ka ɗora maganaɗisu a ƙarƙashin takarda, ka barbaɗa garin ƙarfe a sama, za ka ga garin ya jeru layi-layi. Michael Faraday na Ingila ya ce waɗannan layuka alama ce ta wani abu na gaske da ya cika sarari. A shekarar 1865 James Clerk Maxwell ya zuba wannan tunani cikin lissafi, sai lissafin ya nuna masa cewa fagen lantarki da na maganaɗisu za su iya kaɗawa su yi tafiya kamar igiya, da gudun kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Gudun haske ke nan daidai. Daga nan ya gane cewa haske kansa igiyar wannan fage ne.

Maxwell ya rasu a 1879 bai taɓa ganin rediyo ba. Sai a 1887 Heinrich Hertz na Jamus ya samar da igiyoyin a ɗakin gwaji. Abin da muke kira "sabis" a yau kaɗawar wannan fage ce da turken sadarwa ke haddasawa, eriyar wayarka kuma ta ji ta. Da aka kashe turakan Zamfara, kaɗawar ta tsaya.

Masanan yau sun kai tunanin nesa da haka. A wurinsu kowace ƙwayar halitta mafi ƙanƙanta, kamar elektoron, ƙaramar kaɗawa ce a cikin fagenta. Abdus Salam na Pakistan ya samu kyautar Nobel a 1979, tare da Sheldon Glashow da Steven Weinberg, saboda sun nuna cewa ƙarfin lantarki da maganaɗisu da wani ƙarfi da ke aiki a cikin cibiyar ƙwayar zarra tushensu ɗaya ne.

Nauyi: lanƙwasar sarari da lokaci

Isaac Newton ya bayyana a 1687 cewa kowane abu mai nauyi yana janyo ɗan'uwansa, kuma ƙarfin janyowar yana raguwa da nisa. Lissafinsa ya isa a hango husufi, ya isa a harba tauraron ɗan'adam. Amma ya bar tambaya a buɗe: ta yaya rana ke riƙe da duniya daga nisan kilomita miliyan 150 ba tare da wata igiya a tsakani ba?

A watan Nuwamban 1915 Albert Einstein ya kawo amsa. Ya ce sarari da lokaci a saƙe suke kamar zane ɗaya, abu mai nauyi kuma yana lotsa wannan zane. Ka sa mutum huɗu su ja kusurwoyin zanen gado ya miƙe, ka ajiye kabewa a tsakiya, sannan ka gangaro da lemon tsami ta gefe. Lemon zai karkata ya nufi kabewar, alhali kabewar ba ta taɓa shi ba; zanen ne ya lotsa. Misalin yana da gazawa, domin bai nuna abin da ke faruwa da lokaci ba, amma ya isa a fara da shi.

Idan maganar Einstein gaskiya ce, to haske ma zai lanƙwasa idan ya gitta kusa da rana. Ya lissafa cewa hasken tauraron da ya shafi gefen rana zai kauce da sakan 1.75 na kusurwa, ninki biyu na abin da lissafin Newton zai bayar. Ƙanƙantar wannan kusurwa kamar ka hango faɗin murfin kwalbar lemo ne daga nisan kimanin kilomita uku. Matsalar ita ce ba a ganin taurarin da ke kusa da rana sai lokacin cikakken husufi.

An yi gwajin a maƙwabtanmu. Ranar 29 ga Mayun 1919 Arthur Eddington ya kafa na'urar hangen nesa a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, wata tawagar kuma ta tafi Sobral a Brazil. Hadari ya so ya ɓata wa Eddington aiki, amma ya samu hotuna kaɗan da taurari suka fito. Da aka bayyana sakamakon a Landan ranar 6 ga Nuwamban shekarar, ya fi karkata ga Einstein. Awon da aka yi daga baya da na'urorin rediyo masu tsananin daidaito ya tabbatar da adadin.

Inda Einstein ya shiga wayarka

Ka buɗe Google Maps a tashar mota ta Ƙauran Namoda, ɗigon shuɗi zai nuna inda kake tsaye. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana ɗauke da agogon atom, yana ta aiko da saƙo mai cewa ga inda nake, ga kuma lokacin da na aiko. Wayarka tana sauraron aƙalla huɗu daga cikinsu, ta duba jinkirin isowar kowane saƙo, ta mayar da jinkirin zuwa nisa, ta fitar da wurinka. Duk aikin ya rataya ne a kan agogo.

A nan nazariyyar Einstein take da magana biyu. Ta farko: agogon da ke gudu yana jinkiri. Tauraron yana tafiyar kusan kilomita 14,000 a awa, don haka agogonsa yana baya da kimanin kashi 7 cikin miliyan na sakan a kowace rana. Ta biyu: agogon da ke nesa da abu mai nauyi yana sauri. A can sama janyowar duniya ta yi rauni, sai agogon ya yi gaba da kimanin kashi 45 cikin miliyan na sakan a rana. Ka cire 7 daga 45, saura 38.

Adadin kamar ba komai ba ne, sai ka tuna haske yana cin mita 300 a cikin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Ka ninka 300 sau 38, ka samu tazarar da ta haura kilomita 11 a rana guda. Shi ya sa injiniyoyi ke rage bugun agogon tauraron ɗan kaɗan tun kafin a harba shi, wayarka kuma tana ƙara wani ɗan gyara a cikin lissafinta. Mai safiyon da ke auna iyakar gona, da direban tirela da ake bibiyar motarsa daga ofis, duk suna cin moriyar lissafin 1915. Turakan sadarwa da yawa ma daga GPS suke daidaita agogonsu.

Igiyoyin da ba sa bin miƙaƙƙen lissafi

Ka shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ka sayi buhun gero ɗaya, ka biya farashinsa. Ka sayi biyu, ka biya ninki biyu. Wannan shi ne miƙaƙƙen lissafi: ninka abin da ka zuba, sakamako ya ninku daidai. To amma ka zo da tireloli ka ce buhu dubu biyar kake so. Kafin ka kai rabi labari ya zaga kasuwa, farashi ya tashi, domin sayenka da kansa ya canja farashin da kake saye a kai. Lissafi ya daina miƙewa ke nan.

Haka igiyoyi suke. Ƙananan igiyoyi, kamar waɗanda tsakuwa ke tayarwa a tafki, suna ratsa juna su wuce kamar ba su haɗu ba. Amma idan igiya ta yi girma, ita da kanta tana canja hanyar da take bi. A ruwa marar zurfi, gudun igiya yana ƙaruwa da zurfin ruwan. Ƙololuwar babbar igiya tana kan ruwa mai zurfi fiye da gindinta, don haka ƙololuwar ta fi sauri, tana cim ma gaban, har gaban ya miƙe tsaye. Mutanen da ke bakin Gulbin Gagare a Ƙauran Namoda ko Bunsuru a yankin Zurmi sun san wannan da ido: idan aka tafka ruwa a can sama, ruwan farko kan iso kan busasshen yashi da goshi a tsaye, yana turo kumfa da karare, ko da ba a yi ɗigo a garinku ba. Dalilin ke nan da ya sa ake hana yara wasa a cikin gulbi da damina ko da ya bushe.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ke aiki akasin wannan. Kowane tudun ruwa haɗin igiyoyi ne dogaye da gajeru, kuma dogayen sun fi gajerun sauri, sai tudun ya riƙa bajewa yana tafiya. Ɗabi'a ɗaya tana tsuke igiya, ɗayar tana baza ta. Idan suka yi kunnen doki fa?

A watan Agustan 1834 wani injiniyan jiragen ruwa, John Scott Russell, yana gwaji a wani magudanin jirage kusa da Edinburgh a Scotland. Jirgin da dawakai ke ja ya tsaya kwatsam, sai ruwan da ya taru a goshinsa ya ɓalle ya ci gaba shi kaɗai: tudu ɗaya sumul, tsawonsa kimanin mita tara, tsayinsa bai kai rabin mita ba. Russell ya bi shi a kan doki fiye da kilomita ɗaya da rabi, tudun bai baje ba. Manyan masanan zamaninsa sun yi shakkar labarin. A 1895 wasu 'yan Holand biyu, Korteweg da de Vries, suka fitar da lissafin da ya nuna tsukewa da bazuwa za su iya soke juna daidai wa daida.

Kwamfuta ce ta farfaɗo da maganar. A farkon shekarun 1950, a Los Alamos ta Amurka, Enrico Fermi da John Pasta da Stanislaw Ulam da Mary Tsingou, wadda ta rubuta manhajar, suka gwada kaɗawar tsirkiya a kan kwamfutar MANIAC. Sun zaci ƙarfin kaɗawar zai watse ya bi ko'ina, sai suka ga yana dawowa kusan inda ya faro. A 1965 Norman Zabusky da Martin Kruskal suka gano dalili: tudun Russell ne ke yawo a ciki, kuma idan biyu suka yi karo suna fitowa kowanne da siffarsa da gudunsa. Suka raɗa musu suna soliton.

Daga gulbi zuwa wayar gilashi

Bayanan intanet da ke isowa Najeriya ta manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da Equiano, haske ne ke ɗauke da su a cikin zaren gilashi mai kaurin gashin kai. Shi ma hasken yana bajewa da nisa, saƙonni su fara hawa kan juna. Idan kuma aka ƙara masa ƙarfi, yana canja yadda gilashin ke tafiyar da shi, kamar dai mai sayen buhu dubu biyar. A 1973 Akira Hasegawa da Fred Tappert suka lissafa cewa za a iya samun soliton na haske a cikin zaren, Linn Mollenauer da abokan aikinsa kuma suka gan shi a gwaji a 1980.

Gaskiyar magana, yawancin manyan wayoyin yau ba da soliton tsantsa suke aiki ba. Ana gyara bajewar hasken da na'urorin sarrafa sigina a ƙarshen layi. Amma rashin miƙewar nan shi ne babban abin da ke iyakance yawan bayanan da zare ɗaya zai iya ɗauka, kuma da lissafin da masu nazarin soliton suka goge ake tsara kowane dogon layi.

Manomi ma yana da rabo a nan. Hadarin damina a yankinmu galibi daga gabas yake tasowa, yana tafe da wasu manyan igiyoyin iska da ke ratsa Sahel zuwa yamma duk bayan kwana uku zuwa biyar. Wasunsu idan sun faɗa Atlantika su ke zama mahaukaciyar guguwar da ke afka wa Amurka. Lissafin iska ba miƙaƙƙe ba ne. Edward Lorenz ya nuna a 1963 cewa a irin wannan lissafi ɗan ƙaramin kuskure a awon farko yana girma ya cinye hasashen. Shi ya sa NiMet za ta iya faɗa maka yadda damina za ta kasance a dunƙule, da abin da ake sa ran gani nan da 'yan kwanaki, amma ba wanda zai ce maka za a yi ruwa a Zurmi ranar kaza ga watan gobe.

Lokacin da sarari kansa ya kaɗa

Lissafin Einstein na nauyi shi ma ba miƙaƙƙe ba ne, kuma dalilin yana da ban sha'awa: ƙarfin da ke cikin lanƙwasar sarari shi ma yana haifar da ƙarin lanƙwasa. Wannan ya sa warware shi da hannu ke da matuƙar wuya. Karl Schwarzschild ya samu amsa ga dunƙulallen abu marar juyawa a 1916, amma sai a 1963 Roy Kerr ya samu ta baƙin rami mai juyawa. Karon baƙaƙen ramuka biyu kuwa ya gagari kwamfutoci shekaru da dama, har sai da Frans Pretorius ya yi nasarar kwaikwayonsa a 2005.

Wannan aikin allo da kwamfuta ya biya ranar 14 ga Satumban 2015. Na'urorin LIGO biyu a Amurka, a Livingston da Hanford, kowacce da hannaye biyu masu tsawon kilomita huɗu, suka ji wata kaɗawa da ba ta wuce kashi biyu cikin goma na sakan ba. Tsawon hannayen ya canja da abin da ya gaza faɗin ƙwayar furoton sau ɗaruruwa. Da aka ɗora siginar a kan siffofin da aka lissafa tun da farko, ta dace da karon baƙaƙen ramuka biyu masu nauyin rana kusan 36 da 29, a nisan da haske ke shafe shekara biliyan 1.3 kafin ya ratsa. Sun haɗe sun zama ɗaya mai nauyin rana 62. Ragowar ukun sun fita a matsayin igiyar nauyi. Ba don an riga an san siffar da ake nema ba, da ba a iya karanta nauyin ramukan daga siginar ba. An bayyana sakamakon a Fabrairun 2016, kyautar Nobel ta biyo baya a 2017.

Har yanzu da sauran aiki. Nazariyyar nauyi ta Einstein da nazariyyar fage ta ƙananan ƙwayoyi kowacce tana cin jarrabawa a ɓangarenta, amma an kasa haɗa su su zama ɗaya. A tsakiyar baƙin rami da farkon samuwar sararin samaniya ana buƙatar duka biyun lokaci guda, kuma a nan lissafi ke tsinkewa.

Mu fa, ina muke a wannan fage?

Wani zai ce, a yankin da manomi ke fargabar zuwa gona, wa ke da lokacin baƙin rami? Tambayar tana da nauyi. Amma a cikin dukkan rassan kimiyya, wannan ne mafi ƙarancin buƙatar kayan aiki masu tsada, kuma 'yan ƙasar nan sun taɓa yin fice a cikinsa. Chike Obi, wanda aka haifa a Zariya a 1921, ya samu digirin digirgir a lissafi daga Cambridge a 1950, kuma bincikensa a kan lissafin kaɗawar da ba ta miƙe ba ne. Farfesa Iya Abubakar daga Adamawa, shi ma a Cambridge, ya yi bincike a farkon shekarun 1960 a kan yadda igiyoyi ke ratsa daskararrun abubuwa, irin lissafin da ake fahimtar girgizar ƙasa da shi. Ya jagoranci sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978, kuma cibiyar kwamfuta ta jami'ar tana ɗauke da sunansa.

Ga ɗalibin da ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Ƙauran Namoda, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ƙofofi a buɗe suke. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da shirin difloma na shekara ɗaya da take ɗaukar nauyin ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Cibiyar AIMS, wadda ta fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, tana koyar da digiri na biyu da tallafi. Shafin arXiv yana ɗauke da sababbin takardun bincike kyauta tun 1991. LIGO ma ta saki bayananta ga kowa, har da siginar 2015. Mai ɗan sanin Python zai iya buɗe ta a Google Colab ya ga kaɗawar da idonsa. Sharaɗin dai ɗaya ne: a riƙe lissafi da kyau tun daga sakandare.

Kana iya farawa yau. Ɗaure ƙaramin dutse a zare mai tsawon mita ɗaya, ka rataye shi, ka ɗan tura shi, ka ƙirga zuwa da dawowa sau ashirin da agogon wayarka. Za ka samu kusan sakan 40, wato sakan biyu kowane zagaye. Daga wannan adadi ake fitar da ƙarfin nauyin wurin da kake, wanda a yankinmu yake kusan 9.78, ƙasa kaɗan da 9.83 na ƙuryar arewacin duniya. Manhajar phyphox, wadda Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta samar kyauta, za ta nuna maka awon na'urorin da ke cikin wayar kai tsaye. Ka kusanto da maganaɗisun tsohuwar lasifika ka ga yadda layin fagen ke tsalle. Sai dai kada ka manna shi a jikin wayar.

Ka kuma rubuta ranakun nan biyu. Ranar 2 ga Agustan 2027 cikakken husufi zai bi ta Luxor a Masar da Jidda da Makka, mu a arewacin Najeriya za mu ga wani sashe na rana ya rufe. Ranar 20 ga Maris 2034 kuma inuwar za ta sake ratsa Najeriya. Kada a kalli rana da ido tsirara ko da baƙin tabarau na kasuwa. Sai da gilashin da aka yi musamman don kallon husufi, ko a huda ƙaramin rami a kwali a kalli hoton ranar a ƙasa.